Kaurin Waya: Yadda Ake Juya Lambar AWG Zuwa Milimita da Sanin Nauyin da Kebul Zai Ɗauka

Wanda ya taɓa sayen inbata ko injin walda ya buɗe ɗan littafin da ke cikin kwalin, ya san wannan matsalar. Littafin zai ce a haɗa batir da waya 2 AWG, ko a jawo wuta daga farantan sola da 10 AWG. Ka ɗauki lambar ka nufi shagon kayan wuta, mai shago ya dube ka ya ce, "Malam, mu nan 16 muka sani, da 25, da 35. Wacce za a yanko maka?" Daga nan sai a koma kintace. A ɗaga wayar, a murza ta da yatsa, a ce ai wannan ma za ta yi. Da yawa daga cikin wayoyin da suke narkewa a bayan inbata daga irin wannan kintacen matsalarsu ta faro.

Ma'auni biyu ne suka haɗu a hannunka. Na shagon shi ne na milimita, wanda Najeriya da Nijar da Turai da mafi yawan duniya suke aiki da shi. Na littafin kuwa, wato AWG, ma'aunin Amurka ne, wanda ya fito daga kamfanin Brown & Sharpe a 1857, kuma har yau da shi ake aiki a Amurka da Kanada. Masana'antu da yawa a Sin suna bi da shi wajen rubuta littattafan kayansu, saboda kasuwar Amurka suke hari.

Me ya sa lambar take tafiya da baya

A ma'aunin Amurka, duk lokacin da lamba ta ƙaru, wayar ƙara sirancewa take yi. Lamba 4 ta fi lamba 10 kauri nesa ba kusa ba, 18 kuwa 'yar siririya ce irin ta fitilar tebur. Dalilin yana cikin yadda ake ƙera waya: ana jawo sandar jan ƙarfe ta cikin huda, sannan a sake jawo ta ta wata hudar da ta fi ta farko ƙanƙanta, a yi ta yi har ta kai sirantakar da ake so. Wayar da ta ratsa huda da yawa ita ce siririya, ita ce kuma mai babbar lamba. Da aka zo kan wayoyin da suka fi lamba 1 kauri sai aka shiga jera sifiri: 0, 00, 000, 0000, waɗanda ake rubutawa 1/0, 2/0, 3/0 da 4/0. Daga 4/0 ma'aunin ya ƙare, Amurkawa su koma wani da suke rubutawa kcmil, wanda kowane ɗaya nasa ya ɗan haura rabin milimita sukwaya. Kebul 250 kcmil ke nan ya kama wajen 127.

Ma'aunin milimita ba shi da wannan juyin, amma shi ma da nasa tarkon. Idan aka ce waya 2.5 ce, ba kaurinta daga gefe zuwa gefe ake nufi ba. Faɗin fuskar jan ƙarfen ake nufi, wato da'irar da kake gani idan ka datse wayar ka dubi bakinta, a milimita sukwaya (mm²). Wayar 2.5 mai sili ɗaya, in ka auna kaurinta, milimita 1.78 za ka samu. Ta 1.5 kuma milimita 1.38. Faɗin fuskar nan shi ne hanyar da wuta take bi, don haka da shi ake kowane lissafi.

Ga lambobin da aka fi cin karo da su, da faɗin kowacce, da wayar da za ka nema a shago:

18 AWG: 0.82 mm², nemi 1
16 AWG: 1.31 mm², nemi 1.5
14 AWG: 2.08 mm², nemi 2.5
12 AWG: 3.31 mm², nemi 4
10 AWG: 5.26 mm², nemi 6
8 AWG: 8.37 mm², nemi 10
6 AWG: 13.3 mm², nemi 16
4 AWG: 21.2 mm², nemi 25
2 AWG: 33.6 mm², nemi 35
1/0 AWG: 53.5 mm², nemi 70
2/0 AWG: 67.4 mm², nemi 70
4/0 AWG: 107 mm², nemi 120

Ka lura babu lamba ko ɗaya da ta faɗa daidai kan ta milimita. Kullum tsakanin biyu take faɗawa, kuma ƙa'idar ita ce a haura sama, ba a sauka ƙasa ba. Lamba 14 ta zauna tsakanin 1.5 da 2.5, wanda ya ɗauki 1.5 don ta fi araha ya rage wa kansa fiye da kwata na jan ƙarfen da mai injin ya nema. Wurin da aka fi gardama shi ne 1/0, domin 50 ta yi kusa da 53.5 ƙwarai, kuma kuɗin 70 ya fi nata sosai. In wayar gajeriya ce kuma nauyin bai kai ƙarshen ƙarfin injin ba, wasu ma'aikata suna sa 50. A kan batir, inda wuta take kwarara da yawa, ni 70 nake ba da shawara.

Haka ma idan aka juya tambayar. In aiki ya nemi 4 mm² kuma wayar Amurka ce a hannu, lamba 12 ba ta kai ba, sai 10. Wannan ya shafi masu sola kai tsaye, domin akwai wayoyin da ake rubuta musu 12 AWG da 4 mm² gefe da gefe kamar abu ɗaya ne, ko 10 AWG da 6 mm². Ba ɗaya ba ne. Tsakanin 3.31 da 4 akwai giɓin kashi 17 cikin ɗari. In ka ga rubutu biyun a jikin waya ɗaya, yi lissafinka da ƙaramin.

Ba sai ka haddace jerin nan duka ba. Riƙe lamba ɗaya kawai: 10 AWG ta ɗan haura 5 mm². Duk sanda ka sauko da lamba uku, faɗin ya ninka biyu, wato 7 ta kama 10.5, 4 ta kama 21, 1 ta kama 42. Ka hau da lamba uku, ya rabu biyu: 13 ta kama 2.6, 16 ta kama 1.3. Ka sauko da goma, ya ninka goma, shi ya sa 1/0 ta zama 53. Da wannan kaɗai za ka iya tsayawa gaban kanta ka fitar da amsa da ka.

Akwai ma'auni na uku da ya kamata a ambata, saboda masu naɗin koyil na fanka da famfo da janareta. Wayar naɗi galibi da SWG ake sayar da ita, ma'aunin Ingila na 1884, kuma lambobinsa ba su yi daidai da na Amurka ba. Lamba 18 a SWG milimita 1.22 ce, a AWG kuwa 1.02. Lamba 16 ta Ingila kusan ita ce 14 ta Amurka. In wani ya ce maka "geji 18", tambaye shi na wace ƙasa.

Auna da hannunka

Rubutun jikin waya da'awa ce kawai. Kayan aikin da zai tabbatar maka shi ne ma'aunin kauri, baniya ko maikuromita, kuma bai kamata jakar mai wayarin ta rasa ɗaya ba. Feɗe robar, ka auna jan ƙarfen tsirara. Ninka kaurin da kansa, sannan ka ninka da 0.785. Waya mai kaurin 1.78 za ta ba ka 2.49. Idan wadda aka rubuta wa 2.5 ta nuna maka kaurin 1.5, faɗinta 1.77 ne, an yanke mata kusan kashi 30 cikin ɗari, an cike gurbin da roba don ta cika ido. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

In wayar mai sili da yawa ce, kada ka auna su a dunƙule, domin akwai iska a tsakaninsu. Warware su, ka auna sili ɗaya, ka yi lissafin, sannan ka ninka da yawansu. Wayar 2.5 mai sili bakwai, kowane sili wajen 0.67 yake, ta 4 kuwa 0.85, ta 6 kuma 1.04, ta 10 tana da 1.35, ta 16 tana da 1.70. Mai laushi ta 2.5, irin ta jikin kayan aiki, takan zo da sili wajen 50 masu kaurin 0.25. Ɗan bambanci kaɗan ba laifi ba ne, saboda ƙa'idar duniya ta IEC 60228 da turjiyar waya take hukunci, ba da kauri zalla ba. Ta ce kilomita ɗaya na 2.5 kada ya wuce om 7.41, na 1.5 kuma 12.1, na 4 kuwa 4.61. Ke nan rol mai mita 100 na 2.5, in ka ɗora maltimita a bakinsa biyu, wajen om 0.7 ya kamata ka gani bayan ka cire turjiyar igiyoyin mitar kanta. Ka kuma tambaya ko rol ɗin mita 100 ne ko yadi 100, domin yadi 100 mita 91 ne da 'yan kai.

Sai maganar ƙarfen kansa. Akwai wayar da cikinta alminiyam ne aka yi mata fatar jan ƙarfe. A ido ba ka raba ta da ta gaske. Kankare sili ɗaya da wuƙa: in fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, ka gane. Ko ka kara mata wutar ashana, siririn silin alminiyam zai lanƙwashe ya zube, domin a digiri 660 yake narkewa, jan ƙarfe kuwa sai 1,085. Nauyi ma yana tona asiri: jan ƙarfen da ke cikin mita 100 na 2.5 shi kaɗai ya haura kilo 2, alminiyam mai wannan girman bai kai kilo ɗaya ba. In maganaɗisu ya kama ta, baƙin ƙarfe ne a ciki. Alminiyam ba abin ƙi ba ne a wurinsa, da shi ake jan layin kan turaku. Amma wajen bai wa wuta hanya, kashi 61 cikin ɗari na jan ƙarfe kawai ya kai, don haka sai an ninka faɗinsa sau 1.6 kafin ya yi aiki ɗaya. Laifin shi ne a sayar da shi da sunan jan ƙarfe.

Kada kuma wannan ya sa ka mayar da wayar sola ta gaske. Ita da gangan ake shafa wa jan ƙarfenta kuza don kada ya yi tsatsa, sai ta fito fara a waje. Kankare ta, za ka ga ja a ciki. Fari a waje ja a ciki, lafiya. Ja a waje fari a ciki, ajiye musu kayansu.

Abin da aka rubuta a jikin robar

Ɗauki guntun waya mai kyau ka karanta. Za ka ga wani abu kamar H07V-R 2.5 mm² 450/750V. Lambar 450/750 ƙarfin robar take faɗa: bolt nawa za ta jure tsakanin waya da ƙasa, da kuma tsakanin waya da waya. Ba ta ce komai ba a kan yawan am. Harafin V yana nufin robar PVC, wadda iyakarta digiri 70. Harafin ƙarshe kuma yanayin ƙarfen: U sili ɗaya, R sili bakwai ko fiye masu tauri, K mai laushi. Manyan kebul na binnewa sukan zo da 600/1000V, kuma masu robar XLPE suna jure digiri 90. In ka ga 3G2.5, waya uku ce a ciki, ɗaya daga ciki ta atin ce mai kore da rawaya. A Nijar, inda ake bin tsarin Faransa, U-1000 R2V za ka fi gani. Wayar sola ta Turai H1Z2Z2-K ce, an yi ta don rana da ruwan sama da bolt 1,500 na wutar batir. Wayar cikin gida in aka shimfiɗa ta a kan kwano, rana za ta busar da robar ta tsattsage. Ta Amurka kuma takan ce 12 AWG THHN 600V. A kayan Najeriya ka nemi tambarin hukumar SON, ko da yake tambari ba ya hana a auna.

Launi ma abin lura ne idan inji daga Amurka ya zo. A can baƙar waya ita ce mai wuta, fara ce nutural. A tsohon tsarin Ingila da ya cika gidajenmu kuwa, ja ce mai wuta, baƙa ce nutural. Wanda ya haɗa baƙa da baƙa bai gwada ba, ya juya injin.

Am nawa za ta ɗauka

Nan ne ainihin aikin, kuma nan aka fi sakaci. Waya ba ta da wani adadin am da aka haife ta da shi. Wuta tana wucewa, ƙarfe yana ɗumi, kuma iyakar wayar ita ce inda ɗumin ya kai abin da robar za ta jure. In wutar ta ninka biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Saboda haka adadin ya dogara da inda aka sa wayar da yadda take samun iska.

Jadawalin ƙa'idar Ingila, BS 7671, wanda ma'aikatanmu da yawa suka koya da shi, ya ba da waɗannan ga wayar jan ƙarfe mai robar PVC a cikin fayif a bango: 1.5 am 17.5; 2.5 am 24; 4 am 32; 6 am 41; 10 am 57; 16 am 76; 25 am 101; 35 am 125. Dokar Amurka kuma ta taƙaita bireka 15 ga lamba 14, 20 ga lamba 12, 30 ga lamba 10. Amma duka jadawalan biyu sun ɗauka zafin wurin digiri 30 ne. A Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, a watan Afrilu, inuwa ma tana haura 40, balle tsakanin kwano da silin inda wayoyin gida suke kwance. Wannan shi ne abin da mai kwafar lamba daga littafin Turai yake mantawa.

Gyaran ba shi da wuya. Ga robar PVC, a digiri 40 ninka adadin da 0.87, a 45 da 0.79, a 50 da 0.71. In layi biyu suka haɗa fayif ɗaya, ƙara ninkawa da 0.8, in uku ne, da 0.7, domin kowanne yana ɗumama ɗan'uwansa kamar mutanen da suka cunkushe a ɗaki ɗaya da bazara.

Mu gwada da hitar ruwa mai wat 3,000. Raba da bolt 230, ka sami am 13, don haka bireka 16 za a sa. Dole wayar ta iya ɗaukar 16 ɗin nan bayan an yi mata ragi. Wayar 2.5 ita kaɗai a fayif, a digiri 45, ta sauko daga 24 zuwa 19. Ta wuce. Amma in ta haɗa fayif da wasu layuka biyu, ta koma 13, ta faɗi. Sai a ɗauki 4, wadda za ta ba da kusan 18 a wannan yanayin. Hita ɗaya, gida ɗaya, amma hanyar da wayar ta bi ta canza amsar.

Tsarin kullum haka yake: bireka ta kai nauyin kaya ko ta ɗan fi shi, waya kuma ta kai bireka ko ta fi ta. Bireka waya take karewa. Shi ya sa al'adar nan ta cire bireka 20 a sa 32 don tana yawan faɗuwa, ko a ɗaure fis da silin waya, take da haɗari matuƙa. An cire mai gadin ne, wayar cikin bango kuma tana nan yadda take, tana dahuwa ba mai gani.

Akwai kuma raunin wuta, wanda muka saba da shi. In wuta ta zo 160 maimakon 230, sitabilaiza mai ciyar da kayan wat 2,000 za ta ja am 12.5 maimakon 8.7. Wayar da ke shiga sitabilaiza da wannan adadin ake zaɓenta.

Nisa

Waya tana iya ɗaukar nauyin ba ta yi zafi ba, amma wutar ta isa can a gajiye. Kowane am, a kowace mita, yana zubar da milibolt 29 a wayar 1.5, 18 a 2.5, 11 a 4, 7.3 a 6, 4.4 a 10, kuma an riga an haɗa zuwa da dawowa a ciki. Ƙa'idar Ingila ta yarda da asarar kashi 3 cikin ɗari ga fitilu, kashi 5 ga sauran kaya, wato bolt 11.5 a kan 230. Famfon rijiyar burtsatse mai jan am 10 a nisan mita 80, da wayar 2.5 zai rasa bolt 14.4. Da 4 zai rasa 8.8. Famfuna da yawa da ake cewa ba su da inganci, siririyar waya ce ta hana su isasshiyar wuta har koyil ya ƙone.

A ɓangaren batir abin ya fi tsanani. Kayan wat 1,000 a kan bolt 230 am 4 da ɗoriya suke ja, amma a kan batir mai bolt 12 sun haura am 83, kafin ma a sa asarar inbatar. Inbata mai bolt 24 da ke ciyar da wat 2,400 tana jan sama da am 100, shi ya sa littafinta zai nemi 2 AWG, wato 35. A nisan mita biyu, 35 za ta zubar da kwatan bolt kawai. 10 kuwa za ta zubar da kusan bolt guda, ga shi an ɗora mata kusan ninki biyu na ƙarfinta. A matso da batir kusa da inbata, a sa fis kusa da kan batir, a matse bakin wayar da log mai girmanta. In waya ta fi ƙarfin ramin da za ta shiga, kada a yanke mata sili don ta shige. A nemi log ɗin da ya dace.

Kai kuma maigida, idan mai wayarin ya rubuta maka 4 a inda kake tsammanin 2.5, kada ka fara da zargin yana son cin kuɗinka. Ce masa ya nuna maka lissafin. In ya kawo maka nauyin kayan, da zafin saman silin, da yawan layukan cikin fayif, da nisan, to saya masa abin da ya rubuta, kuma ku je shagon tare da ma'auninsa a aljihu.